Manja a Katifar Surukina

Ran Juma'ar da ta wuce, a ƙofar masallacinmu na Morris Heights, a nan Bronx, samari uku masu tuƙin tasi ta waya suka kewaye motata suna leƙen ƙugiyar da ke bayanta. Ɗaya ya ce, "Baba Isuhu, wai aikin naka ke nan? Ka ɗaura ɗaki ka ja kawai? Ai izi ne wannan, ba wuya." Na biyun ya ce shi ma da bazara zai sayi a-kori-kura ya fara. Ban ce musu komai ba, don an kusa tada salla, kuma na ajiye mota inda ba a ajiyewa. To ga amsar na rubuto muku, ku karanta in kuna jiran fasinja. A ciki har da labarin ranar da na kusa zubar da surukina cikin kwazazzabo, wanda iyayenku sun sani, amma ba daidai suka san shi ba.

Abin da nake ja ɗaki ne mai taya, wanda mutanen ƙasar nan ke kira kamfa. Akwai gado a ciki, da bayi, da murhu, da firji, wani ma har da talabijin. Inji ne kawai babu. Mutum zai ga abin ya ba shi sha'awa ya saya, sai bayan ya biya ya tuna motarsa ba za ta iya jan ko amalanke ba, kuma gidansa a hawa na shida yake. A nan ake nemana. In sanyi ya wuce in kai musu ɗakunan can kan duwatsun arewacin jihar, inda suke zuwa su zauna cikin daji su bar sauro ya cije su da sunan hutu. In ganye ya fara zuba in je in sauko da su. Shekarata goma sha tara ina wannan hawa da sauka.

Kafin in zo ƙasar nan direban kamyo ne ni a Maraɗi, wato babbar motar kaya. Na ja albasa, na ja gyaɗa, na ja shanu har Kwatano. Ranar da na fara aiki da Walta, wani tsohon Bature da ke ajiye motarsa a gareji ɗaya da tasin da nake tuƙawa, na gaya masa shekarata goma sha biyu a kan babbar mota. Ya tambaye ni ko akwai duwatsu a ƙasarmu. Na ce akwai wani tudu kafin a shiga Dogondutsi. Ya dube ni, ya miƙo mini safar hannu, ya nuna mini ƙasan mota. Wata uku na yi ban taɓa sitiyari ba.

Aikina a watannin nan shi ne ɗaurawa da kwancewa. A bayan motar akwai ƙwallon ƙarfe, a gaban ɗakin kuma akwai wuya mai baki da ke zama a kan ƙwallon. Ka sauke wuyan, ka kulle, ka sa fil. Sarƙoƙi biyu ka gitta su a ƙarƙashi, ta dama ta koma hagu, ta hagu ta koma dama, yadda in wuyan ya kuɓuce zai faɗa a kansu, ba zai caki kwalta ba. Ka jona wayar wuta, ka zagaya baya ka ga fitilu. In mun yi tafiyar awa ɗaya mu tsaya, in bi tayoyin ɗaya bayan ɗaya ina ɗora bayan hannuna a cibiyarsu, wadda ta fi 'yan uwanta zafi tana da magana. Walta ba ya yabo. In na yi daidai ya shiga mota, in na yi kuskure ya tsaya ya zuba hannu a aljihu yana kallon sama har sai na gano da kaina. Shekara biyu muka yi tare, kullum da rana sai ya miƙo mini rabin burodinsa mai naman alade, kullum in ce na gode, washegari ya sake miƙowa.

Darasin da ya fi kowanne ya ba ni shi ne a wani fili da babu kowa, bayan wata tsohuwar masana'anta. Ya sa na cika duro biyu da ruwa muka ajiye a gaban ɗakin, kusa da wuya. Ya ja motar, ya ɗan kaɗa sitiyari, ɗakin ya girgiza sau ɗaya ya koma ya bi mu. Sai ya ce in mai da durorin can ƙarshen baya. Ya sake ja, ya sake kaɗa sitiyari daidai irin na farko. Ɗakin nan ya shiga kaɗa gindi kamar jelar kare, kowace kaɗawa ta fi ta bayanta, har bayan motarmu ya fara binsa. Da ya tsaya sai ya ce mini abu ɗaya: nauyi a gaban taya. Wajen kashi goma zuwa sha biyar cikin ɗari na nauyin ɗakin dole ya zauna a kan ƙwallon nan. Ya ba ni wani ɗan sikeli da ake sawa ƙarƙashin wuya a auna, ya ce duk ranar da na ja ɗakin da ban auna ba, kada in ce shi ya koya mini. Sikelin yana nan har yau a akwatin kayan aikina, tare da katakon tokare taya, da makullin ɗaure noti, da buta, da darduma.

Akwai kuma wani ɗan akwati ƙarƙashin sitiyari da ke sarrafa birkin ɗakin, yana da ɗan harshe da ake matsawa da yatsu. In ka matsa shi, ɗakin ne kaɗai ke kama birki, motar ba ruwanta. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Wani mai gida daga Staten Island, can kusa da inda ake shiga jirgin ruwa a St. George, na taɓa kai wa ɗakinsa dutse, yana biye da ni a motarsa. A hawa ba mu samu matsala ba. Hawa ba wani abu ba ne, ka kashe na'urar sanyi, ka sa ido a kan allurar zafin inji, ka bar masu sauri su wuce. Da muka zo sauka ta ɗaya gefen sai na rage giya tun kafin hancin motar ya kalli ƙasa, na bar inji ya riƙe mu, ina taka birki da ƙarfi sau ɗaya in saki, in bar shi ya huce, in sake. Mutumin nan ya dinga danna mini oda tun daga sama har ƙasa. Da muka isa ya ce kakarsa ta fi ni gudu. Da lokacin kaka ya yi bai kira ni ba, ya aro mota ya ce zai sauko da kayansa da kansa. Ya ɗora ƙafa a kan birki tun daga sama bai ɗaga ba, birkin ya dahu, ya zama kamar kana taka soso. Allah ya taimake shi akwai irin hanyar tsakuwar nan da ake yi a gefen gangare saboda motar da ta ƙwace, ya faɗa ciki har ƙofa. Daga nan ya kira ni. Da na iso na tambaye shi lafiyar kakarsa.

Akwai wanda ya ce lallai sai mu bi hanyar da wayarsa ta nuna, hanyar da gadojinta ba su kai tsayin ɗakin ba, kuma doka ma ta hana. Akwai matar da ta so ta zauna a cikin ɗakin ana tafiya don ta dafa taliya. Duk waɗannan masu sauƙi ne, don baƙi ne, kana iya duban idonsu ka ce a'a. Mai wuyar shi ne naka.

Shekara shida ke nan. Surukina, wanda ba zan faɗi sunansa ba don ba a yi mini irin wannan tarbiyya ba, shi ne ya sauke ni lokacin da na zo garin nan, a falonsa na Grand Concourse na kwana wata takwas, daga baya ya ba ni 'yarsa Rabi. Mutumin Maraɗi ne shi ma, ɗan kasuwa, mai ƙarancin magana. Da tsufa ya kama shi, ƙirji ya fara damunsa, sai babban ɗansa ya saya masa kamfa, ya kama masa fili a wani sansani can cikin duwatsu, don ya riƙa shan iska mai kyau da bazara. Wa zai ja? Ga suruki direba a gida.

Ku da aka haifa a nan sai na yi muku bayani. Shekarata goma sha huɗu da auren Rabi a lokacin, ban taɓa cin abinci a gaban mahaifinta ba. Ban taɓa zama a kujera yana kan kujera ba. In zan gaishe shi sai na durƙusa, idona a kan takalminsa. Kalmar a'a kuwa ba ta taɓa shiga tsakanina da shi ba, ko da wasa. In ya ce yau Talata ce alhali Laraba ce, sai in ce wataƙila. Hajiya surukata kuma ta fi shi, ita ko muryarta na ji a kicin sai na gyara hula.

Ran Alhamis na ɗauko ɗakin daga wurin dillali, na auna, na gwada birki, komai daidai. Ran Juma'a da safe na kawo shi ƙofar gidansu, na ba Hajiya makulli don ta sa tufafin Alhaji da 'yan tukwane, na tafi masallaci. Abin da ban lissafa ba shi ne, a garin da ke ƙasan sansanin nan akwai masana'antar kaji, kuma 'yan uwanmu da yawa suna aiki a can, 'yan Nijar da 'yan Gana, garin da ba a sayar da ko daddawa. Labari ya zagaya Bronx cewa ɗaki guda zai tafi can babu kowa a ciki. Kun san mu da saƙo. Mutum zai tafi Makka ma sai an ba shi ƙullin yaji ya kai wa wani.

Da na dawo na tarar an kulle ɗakin, Alhaji har ya shiga gaban mota ya zauna, ya sa bel, carbi a hannu. Hajiya ta miƙo mini makulli daga nesa ta ce, "An ɗan sa saƙo kaɗan. Na shirya komi, kar a taɓa."

Na ce, "To, Hajiya."

Na gani. Ba zan yi muku ƙarya in ce ban gani ba. Bayan motata, wanda jiya ya ɗan durƙusa saboda nauyin wuya, yau ya miƙe tsaye. Gindin ɗakin kuma ya yi ƙasa. Ko makaho ya shafa ya san an loda baya. Sikeli yana cikin akwati, taku uku daga inda nake. Amma kafin in auna sai na ce wa Alhaji ya fito, in kwance ɗakin a gaban jama'a, sannan in buɗe in shiga ina birkita abin da surukata ta ce kar a taɓa, ga matan unguwa tsaye a bakin titi suna yi mana addu'a. Na dubi akwatin, na dubi Hajiya, na shiga mota na yi bisimilla. Hajiya da sauran iyali sai ran Lahadi za su biyo mu a motar ɗanta.

A babbar hanya ɗakin ya fara gaya mini. Duk tirelar da ta wuce mu sai in ji ya ɗan ja ni gefe. Na rage gudu, na ce wa kaina iska ce. Alhaji yana ta jan carbi. Da muka bar babbar hanya muka fara hawa sai komai ya lafa, domin a hawa motar na jan ɗakin, ba shi da sararin wasa. Har na fara jin daɗi. Muka kai ƙololuwa, ga allon nan mai hoton mota a kan gangare, na rage giya kamar yadda aka koya mini.

A sauka ɗaki ba ya bin ka, tura ka yake yi. Mun wuce kwana ta farko lafiya. A miƙaƙƙen titin da ke bayanta wata motar katako ta taho daga ƙasa ta wuce mu, iskarta ta bugi ɗakin. Ya kaɗa hagu. Ya dawo dama, ya wuce inda ya kamata ya tsaya. Na duba madubin hagu na ga gefen ɗakin gaba ɗaya, har ina iya karanta rubutun da ke jikinsa. Kafin in ƙifta ido ya ɓace daga nan ya bayyana a madubin dama. A damanmu shingen ƙarfe ne da bai wuce gwiwa ba, bayansa kuwa sai kan itatuwa kake hangowa a ƙasa. Bayan motar ya fara bin ɗakin, daidai irin na filin Walta, sai dai a nan babu fili.

Na ji tsoro. Ƙafata da kanta ta tashi za ta taka birki. In ka taka birkin mota a wannan hali, ka tsayar da na gaba ke nan ka bar na baya da gudunsa, sai ya zagayo ya same ka. Na danne ƙafar a ƙasa, na riƙe sitiyari a miƙe da hannun hagu, ban bi shi ba, ban yi gardama da shi ba, na kai hannun dama ƙarƙashi na matsa ɗan harshen nan.

A daidai lokacin Alhaji ya ce, da muryar da yake tambayar farashin shinkafa, "Malam Isuhu, kamar ɗakin ga na son wuce mu."

Na ce, "Haka ne, Baba."

Birkin ɗakin ya kama. Na ji an ja mu ta baya. Ya kaɗa sau ɗaya, kusurwarsa ta goga shingen da wata ƙara da har yau in na ji ana jan kujerar ƙarfe sai na waiwaya. Ya sake kaɗawa, ƙasa da ta farko. Ya sake, kaɗan. Sannan ya miƙe ya bi mu kamar bai taɓa yin komai ba. Gaba kaɗan akwai wani fili a gefen hanya inda manyan motoci ke tsayawa su huce birki, na lallaɓa na shiga, na kashe mota, na fita na tokare tayoyi. Sai da na yi minti biyu a durƙushe a wurin, kamar ina duba taya.

Na buɗe ƙofar ɗakin. Irin wannan kamfa gadon mai gida a gaba yake, kusa da wuya, bayi da ƙananan gadaje kuma a can baya. Na duba baya. Buhunan shinkafa tun daga ƙasa har rufi. Doya. Garin rogo. Jarkokin manja guda shida. Busasshen kifi a kwali. Keken ɗinki. Turmi da taɓarya. Wata tukunyar ƙarfe da za a iya yi wa yaro wanka a ciki, ita ma cike da gero. A cikin bayin ma an jera buhuna har kan masai. Kowane kaya da sunan mai shi da lambar wayarsa, an rubuta da kyau. Sannan na duba gaba. Gadon Alhaji an shimfiɗa masa farin zane, an ɗora buzunsa da littattafansa, an sa turare. Ko allura ba a ajiye a wurin ba. Hajiya ba ta yi kuskure ba a wurinta. Turakar mai gida ce, wa zai kai kifi turakar mai gida?

Na tsaya ina lissafin abin yi. A zubar da kayan a gefen hanya ba zai yiwu ba, saƙo amana ne, kuma ga sunaye. Juyawa babu wuri. Gangaren da ya rage a gabanmu ya fi wanda muka wuce. Wuri ɗaya ne a duk ɗakin da nauyin nan zai zauna mu sauka da rai.

Na zagaya wajen ƙofar Alhaji, na buɗe, na durƙusa a kan tsakuwa.

"Baba, ku yi haƙuri. Kayan ga sai sun hau gadonku."

Ya ce, "Gadona."

"E, Baba."

"Mi da mi?"

"Shinkafa. Da turmi. Da kifi."

"Kihi."

"Har da manja, Baba."

Ya ja carbi ɗaya, biyu. Ya ce, "Hajiya ta ce kar a taɓa. In kuma ni na ƙiya fa?"

A nan ne na ɗaga kai na dubi idon surukina, karo na farko a shekara goma sha huɗu. Ashe idanunsa ba baƙaƙe ba ne sosai. Na ce, "To ba ni tada motar ga, Baba. Ko ku ce in tada, ba ni tadawa."

Ya kwance bel ya fito. Ya taka a hankali har bakin shingen, ya leƙa ƙasa, ya daɗe yana kallo. Ya dawo ya duba kusurwar ɗakin inda fitila ta fashe. Ya shiga ciki, ya kwashe littattafansa da buzunsa da hannunsa ya kai gaban mota. Sannan ya ɗauki taɓarya ya ɗora a kan farin zanen, ya koma gefe ya tsaya. Sauran ni na ɗauka. Awa ɗaya da rabi ina jigilar buhu daga bayi zuwa turaka. Da na gama na kwance wuyan na sa sikeli, allura ta tsaya inda ya kamata. Muka sauko dutsen nan a giya ta ɗaya, motoci sun fi ashirin a bayanmu suna oda, Alhaji rungume da littattafai.

A sansanin, da na sauke kayan, na tarar murfin jarka ɗaya ya tsage tun lokacin kaɗawar. Manja ya bi zanen ya shiga katifa, ya yi tabo ja mai faɗin faifai, daidai inda mutum ke sa bayansa.

Ran Lahadi Hajiya ta iso. Ita ba ta ga kwazazzabo ba, katifa ta gani. Kafin Juma'a ta zagayo, duk Bronx an san cewa Isuhu ya loda kifi da manja a gadon surukinsa, kuma ya dube shi ido cikin ido ya ce ba zai yi abin da ya ce ba. Maganar ɗakin da ya kusa kifewa ba ta yi nisa ba, don ba ta kai wancan daɗin faɗa ba. Wata Hajiya 'yar Kumasi, mai jarkar da ta zube, ta tare ni a tashar jirgin ƙasa ta ce, "Ei, Malam, manja na ƙanwana ne ka shafa ma tsoho?" Rabi ba ta yi mini faɗa ba, amma wata biyu ina cin tuwo da sanyi.

Ita ce shekarar da ta fi kowace muni a sana'ata. Dillalin da ke ba ni yawancin aiki ya ga hoton kusurwar da ta goge, ya tambaye ni ko na auna kafin in tashi. Na ce ban auna ba. Bai sake kirana ba sai bayan shekara. Mutanenmu da ke ba ni ɗan jigila su ma suka janye, wa zai ba mara kunya kayansa? Da sanyin nan na koma tasi, ina ɗan shekara hamsin da biyu, ina ɗaukar irinku kuna gaya mini hanya. Walta yana gidan tsofaffi a lokacin, na je na ba shi labari duka. Ya saurara har ƙarshe ya ce, "Ba ka auna ba." Ya juya ya ci gaba da kallon talabijin.

Alhaji kuwa bai kare ni a gaban kowa ba, bai kuma zarge ni ba. Na sayi sabuwar katifa mai tsada, na ɗora a mota, na yi tafiyar awa uku na kai masa. Ya dube ta daga bakin ƙofa ya ce, "A mai da ita." Na mayar. Na ɗauka bai yafe ba ke nan, kuma abin ya dame ni fiye da rashin aikin. Ɗakin ya zauna a can dindindin, ba a sake saukowa da shi ba. Shekara biyar yana zuwa duk bazara, ina zuwa gaishe shi, ina durƙusawa, idona a kan takalminsa, kamar da.

To ku masu son sayen a-kori-kura, ja ba wuya, wannan gaskiyarku ce. Rage giya ma za ku koya a mako guda. Amma ranar da wanda kuke jin nauyinsa ya zauna a gaban mota ya sa bel, uwar matarku ta ce kar a taɓa, sikeli kuma yana taku uku daga inda kuke, ranar za a san ko kun iya aikin. Ni ranar tawa ban iya ba, Allah ne ya rufa asiri, da ɗan harshen nan na ƙarƙashin sitiyari.

Bara Alhaji ya rasu, a gadon asibiti, cikin 'ya'yansa, Allah ya jiƙansa. Da ganye ya fara zuba ɗansa ya ce a sauko da ɗakin a sayar. Na tafi da Hajiya da Rabi don su kwashe kayansa. Ina waje ina duba tayoyi sai Hajiya ta kira ni da kanta, abin da ba ta saba ba. Na shiga na tarar ta yaye zanen gado. Tabon yana nan, ya koma ruwan ƙasa, gefensa ya yi duhu.

Na ce, idona a ƙasa, "Na kawo wata sabuwa a lokacin, Hajiya. Bai karɓa ba."

Ta ce, "Na sani. Ni ma sau uku ina son in sake ta, yana hana ni. Cewa yake a bar mashi abinshi. Wai in ba don tabon ga ba, da tuni ba bisa katifa yake kwance ba."

Rabi ta juya tana ninke abin da ta riga ta ninke. Hajiya ta tattara tukwanenta, da buhun shinkafar da ya rage, da akwatin littattafai, ta tara su a tsakiyar ɗakin. Sannan ta tsaya ta riƙe ƙugu tana dubansu.

"Malam Isuhu, kayan ga ina za a sa su?"

Na ce, "A kan gado, Hajiya."

Ta ɗauki babbar tukunyar da hannunta ta ɗora a kan tabon. Ni kuma na fita na ɗauko sikeli.